Ƙwallon da Salisu Bai Ci Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan Sani Maitama yana amsa sunan ƙaninsa. A fasfo Salisu ne, a takardar hayar gidansa na unguwar Sentul a Kuala Lumpur Salisu ne, haka ma a kantin yadi na titin Tuanku Abdul Rahman inda yake aiki. Duk sanda 'yan Najeriya suka shigo sayayya, mai kantin yakan leƙa bayan tarin shadda ya ƙwala kira, "Salisu, mutanenka!" Sai Sani ya fito da almakashi a hannu. Amma har yau akwai ɗan jinkiri tsakanin kiran da amsawar, irin na mutumin da ke jira ya ji ko wani zai riga shi. Mai sunan na gaske kuwa shekararsa goma a kabari a Kano.

Ran wata Talata bayan azahar, ana tafka ruwan nan na Kuala Lumpur da ba ya sallama, wani saurayi ya shigo a jiƙe, rungume da jakar kwamfuta a ƙirji.

"Salamu alaikum. Don Allah Yaya, kai ne Salisu Maitama? Lamba tara?"

Almakashin ya tsaya a tsakiyar yadi.

"Lamba tara ta shadda ko ta leshi?" in ji Sani.

Saurayin ya tuntsire da dariya. Sunansa Bahauddeen, ɗan Zariya, yana digiri na biyu a fannin gudanar da wasanni. Kundin bincikensa a kan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tsibiri yake, wato wata 'yar ƙasa a tsakiyar teku wadda mutanenta ba su kai na unguwa biyu a Kano ba, wadda Hausawan da suka san da zamanta ba sa wahalar faɗin sunanta, Tsibiri kawai suke cewa. Ya buɗe kwamfutar a kan teburin yanka tun ba a ce masa bismillah ba.

"Duba nan. Wasa hamsin da biyu tun da suka fara. Kunnen doki huɗu. Kashi arba'in da bakwai, har da na sha ɗaya da nema. Nasara ɗaya tak." Ya ɗora yatsa a kan layin. "Ɗaya mai ban haushi, minti na tamanin da uku, Salisu Maitama. Wallahi wata uku ina nemanka. Ashe kana nan kana yanka wa matan malamai atamfa!"

"Aiki ne."

"Ka san abin da ya burge ni da mutanen nan? Ba sa ɓoye kashin da suka sha. Komai a rubuce. Mu kuwa je ka nemi sakamakon gasar jiha ta shekara biyar baya, a ce maka gara ta cinye fayil, ko wanda ya san wurin ya yi ritaya. Shi ya sa ba ma gaba. Ƙasar da ba ta rubuta gaskiyarta ba, me za ta gyara?"

Ya ci gaba da zuba kamar ruwan da ke waje. Tsibiri ta daina ɗauko 'yan wasa daga waje. Ta buɗe makarantar horar da yaranta. Filinta bai cika ƙa'ida ba tukuna, don haka wasanta na gida na ranar Asabar mai zuwa a nan Kuala Lumpur za ta buga shi. Kafin a take wasa za a kira Salisu Maitama tsakiyar fili a ba shi jesi, kuma sabon filin makarantar da sunansa za a kira shi. An riga an ba da aikin allon.

"Takarda ɗaya ce kawai za ka cike wa Sakatarensu, suna da ranar haihuwa, ka sa hannu. Amma tsaya ka ga wannan."

Bidiyon ya dushe, kamar ta cikin labule aka ɗauke shi. Ga bugun kusurwa, ga wani dogo ya tashi sama ya sa kai, ga raga ta girgiza. Mai sharhi ya dinga ƙwala sunan har muryarsa ta tsage. Sani bai kalli mai murnar ba. A bayan raga, can gefen shinge, akwai wani siririn mutum a tsaye shi kaɗai, bai ɗaga hannu ba, ya dafe ƙugu da hannun hagu ya karkata gefe guda. Haka ƙaninsa yake tsayawa in ciwonsa ya fara taso masa.

"Wane ne wancan?"

Bahauddeen ya matso da fuska. "Ina? Mai gadi ne, ko mai ɗaukar hoto. Yaya, lafiya? Zufa kake yi a cikin sanyin nan."

Yadda abin ya faro ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Sani yana da shekara ashirin da uku wani dillalin 'yan wasa ya gan shi a filin unguwa, ya ce ƙafar ta yi amma shekarun sun yi yawa, a Malesiya ɗan sha tara ake nema. A tsakar gida aka yanke maganar, bayan la'asar, ana shan fura. Salisu na bi masa ne a maza, shekararsa sha tara cif, kuma sikila ce da shi tun yana goye. Bai taɓa zagaye fili da gudu ba. Babansu ya ɗauko takardar haihuwarsa daga cikin akwati ya miƙa wa Sani, ya ce, "Shi Salisu ina za shi? Daga gida sai asibiti."

Kada wani ya ce wannan laifin mutum ɗaya ne. Uba ya ba da takarda. Wani malamin makaranta ya buga hatimi a kan shaidar kammala karatu da hoton da ya san ba na mai ita ba ne. Kawu ya raka shi yin fasfo. Maƙwabta suka zo rakiya suna sa albarka. Ba wanda ya kira abin ƙarya, dabara suka ce, kowa ma haka yake yi. Shi kansa Salisu dariya ya yi ya ce, "Yaya, in ka yi suna ka tuna nawa ne, aro na ba ka."

Malesiya ba ta ɗauke shi ba. Dillalin ya tura shi Tsibiri, inda a lokacin hukumar ƙwallo ke raba fasfo ga duk baƙon da ya iya tsayar da ƙwallo a ƙirji. Shekara huɗu yana can ana lallasa su. A shekara ta huɗun ƙodar Salisu ta fara gazawa, likita ya ce a fitar da shi Indiya. Da aka je yi masa fasfo sai na'ura ta ce ai mai wannan suna da wannan ranar haihuwa, ɗan wannan uba da wannan uwa, ya riga ya karɓi nasa, kuma zanen yatsun ba ɗaya ba ne. Aka ajiye fayil. Aka ce mafita ɗaya ce, wanda ya karɓa ya zo da kansa ya yi rantsuwa a kotu.

Saura kwana sha biyu wasan share fage. Koci ya ce duk wanda ya bar sansani kada ya dawo. Sani ya buga waya gida ya ce a ba shi mako biyu. Babansu ya ce ba komai, Allah na nan. Salisu ya turo saƙon murya, numfashinsa na yankewa tsakanin kalmomi: "Ba gaggawa, Yaya. Ka buga wasanka."

Wannan ne wasan da suka ci. Washegarin nasarar Salisu ya sake turo wani. "Na ga sunana a intanet. Wai na ci ƙwallo da ka. Ni da ko tsani ba na iya hawa! Umma har guɗa ta yi." Sani ya tsaya bikin da shugabannin Tsibiri suka shirya, kwana uku ana yawo da su a bayan mota. Jirgin da ke fita daga can sau ɗaya ne a mako. Yana filin jirgin Kuala Lumpur yana jiran na biyu aka kira shi aka ce an riga an kai Salisu. Bai ƙarasa gida ba. Bai sake buga ƙwallo ba kuma. A nan ya tsaya, ya nemi aikin kanti, da fasfon Tsibiri mai sunan mamaci.

Da yamma ya koma Sentul ya tarar da matarsa Indo tana kwashe tuwon shinkafa. 'Yar ƙanwar babarsa ce, ta san komai tun kafin a kawo ta. A shekara tara na aure ba ta taɓa shiga matsalar wane suna za ta kira ba, tunda mace ba ta faɗin sunan miji. Da fari "ka ji" take cewa, da aka haifi Hanan ya zama Baban Hanan.

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta rufe kular.

"To ka je ka karɓi rigarka mana."

"Za su rubuta sunansa a allo, Indo. Yara su taso suna cewa ga gwarzonsu."

"Ai alheri ne. Bawan Allah bai samu komai a duniya ba, ga fili guda an ba shi."

"Ni na hana shi fasfo."

"Kwanansa ne ya ƙare." Ta sassauta murya don Hanan na falo tana aikin makaranta. "Baban Hanan, ka dube ni. Bizata a kan fasfon nan take. Makarantar yarinyar nan a kansa take. In ka buɗe baki suka karɓe shi, mu su wane ne a garin nan? Shekara goma ka iya yin shiru, sai yanzu da za a tafa maka?"

Daga falo Hanan ta ɗaga murya, rabi Hausa rabi Malay kamar kullum. "Abba, malama ta ce a rubuta cikakken sunan uba. Salisu da 's' ɗaya ne, boleh? Ya yi?"

"Ɗaya ne a farko, ɗaya a tsakiya," in ji Indo da sauri, ba ta kalli mijinta ba.

Ranar Alhamis Bahauddeen ya kai shi wani shagon mamak, irin na shayin Indiyawa Musulmi, a unguwar Brickfields, kusa da otal ɗin da 'yan wasan Tsibiri suka sauka. Sakataren hukumar na zaune a ƙarƙashin fanka, tsoho ne mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Sani ya gane shi. Shi ne ya miƙa masa fasfo a wancan lokaci, yana ƙaramin ma'aikaci. Tsohon ya rungume shi, ya sa aka kawo shayi mai kumfa da roti, gurasar Indiyawa, ya turo takardar da biro.

Sani ya karanta layin farko. Ya ajiye biron. Da Turancinsa na kanti ya faɗi komai, bai tsallake kwana sha biyun ba, bai tsallake kwana ukun biki ba. Yana magana yana kallon kumfar shayin tana kwantawa.

Bahauddeen ya ajiye kofinsa. Tsohon kuwa ya goge tabarau da gefen riga, ya ce cikin natsuwa, "Ɗana, ku huɗu ne masu takardun aro a waccan tawagar. Kana tsammani ban iya kallon fuskar mutum in san shekarunsa ba? Na yi maka ta'aziyyar ɗan'uwanka. Amma ka san abin da zai faru in wannan magana ta fita? Za a soke wasan, a rubuta mana kashi uku da nema. Nasara ɗaya muke da ita. Da ita na je gaban gwamnati na roƙi makarantar nan. Yara ɗari da ashirin ke zuwa kowace safiya saboda sun ga bidiyon nan. Ka ce in koma in gaya musu ba mu taɓa cin kowa ba?"

"Wanda za ku rubuta bai taɓa buga ƙwallo ba."

"To ka bar shi ya buga." Ya tura takardar gaba kaɗan. "Ko ba ka sa hannu ba, allon ya riga ya bushe. Ban ji abin da ka faɗa ba. Fankar nan tana da ƙara."

Ya tashi ya dafa kafaɗar Sani ya fita. Suka rage su biyu.

"To, malam mai gaskiya," in ji Sani da Hausa. "Ƙasar da ba ta rubuta gaskiyarta ba. Ga ta nan, na ba ka. Rubuta."

Bahauddeen ya murza goshi. "Yaya, ba haka ake yi ba. Babi na uku gabaɗaya a kan wasan nan na gina shi. Su suka ba ni takardunsu, sun ce in na gama akwai gurbin aiki. Kuma kai fa? Kundin nan ɗakin karatu za shi, kowa na iya buɗewa. Iyalinka..."

"Ashe kai ma gara ta ci fayil ɗinka."

"Haba Yaya!"

"Ba zagi ba ne. Haka babana ya ce, haka kawuna ya ce, haka matata ta ce shekaranjiya. Kowa da dalilinsa mai kyau. Ni ma nawa mai kyau ne, mako biyu kawai na nema."

Ya bar masa rotin ko taɓawa bai yi ba, ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Ranar Asabar da la'asar aka buɗe filin, wani ƙarami a bayan gari mai ɗaukar mutum dubu biyar. Waɗanda suka zo ba su kai ɗari uku ba, yawanci ɗaliban Tsibiri da tutocinsu, sai 'yan Najeriya kamar ashirin da labari ya kai wa cewa za a karrama nasu. Sani bai bi ƙofar manyan baƙi ba. Ya yanki tikiti kamar kowa, ya hau can saman benen da babu kowa, ya zauna a kan siminti mai ɗumi. Indo ta ƙi zuwa, ta kuma hana Hanan.

'Yan wasan suka jeru. Yara ne ƙanana, 'yan Tsibiri na asali, ƙafafunsu sirara, kyaftin ɗinsu na riƙe da jesi mai lamba tara a ninke a tafin hannu biyu. Lasifika ta yi ƙara, mai sanarwa ya karanto tarihin ƙungiyar, sannan ya ja numfashi.

"Salisu Maitama!"

Aka tafa. 'Yan Najeriya suka yi ihu suna waige-waige. Ƙafafun Sani suka motsa da kansu, shekara goma sha huɗu sun koya musu tashi. Ya danne gwiwoyinsa da hannu.

"Salisu Maitama!"

Sunan ya bugi benen da ke fuskantarsa, wanda babu kowa a kai, ya dawo. Tafin ya fara raguwa. Kowa ya zuba wa bakin ramin da 'yan wasa ke fitowa ido, Sani ma haka. Ya san babu mai fitowa, amma ya kasa ɗauke ido daga duhun wurin, yana jira kamar sauran.

A kira na uku muryar mai sanarwar ta yi ƙasa, kamar mai tambaya. Sakatare ya yi wa kyaftin alama. Yaron ya rasa yadda zai yi da rigar, ya taka zuwa gefen fili ya shimfiɗa ta a bayan wata farar kujerar roba, ya gyara mata kafaɗu, ya koma layi da gudu. Mutane suka sake tafawa, wannan karon ga kujerar. Alƙalin wasa ya busa.

Minti ashirin da fara wasa, an riga an zura wa Tsibiri ɗaya, Sani ya ji takun mutum yana hawowa. Bahauddeen ne, da katin ma'aikata a wuya, yana haki.

"Tun ɗazu na hango ka. Ka san kunyar da ka ba ni? Tsohon nan ko kallona ba ya yi."

"Wanda suka kira ya rasu. Ni ba a kira ni ba."

Bahauddeen ya zauna a matakalar da ke ƙasa da shi. Suka kalli fili. Wani ɗan bayan Tsibiri ya zame ya ƙwace ƙwallo da kyau, ya miƙe ya ba na kusa da shi, aka yi ba-ni-in-ba-ka har sau shida kafin ta ɓace.

"A zamaninmu ba ma haɗa uku," in ji Sani.

"Kwana biyu ban runtsa ba," Bahauddeen ya ce, bai juyo ba. "Na goge babi na uku jiya. Ban san me zan sa a wurin ba." Ya cire katin daga wuya ya cusa a aljihu, ya fito da wayarsa. "In na ɗauki maganarka na sa a kundin, ba zan canja ko kalma ba, kuma ba zan iya hana abin da zai biyo baya ba. Fasfon, bizar Anti, duka. Ka gaya mata?"

"Na gaya mata da safe. Ta ce in na yi, kada in sa ran za ta yafe da wuri."

"Kuma?"

"Kunna."

Bahauddeen ya danna, ya ajiye wayar a kan siminti tsakaninsu. Jan ɗigo ya fara ƙiftawa. A ƙasa 'yan kallo suka yi ihu, wani hari ya wuce ta saman raga.

Sani ya gyara murya. "Sunana Sani Maitama."

Ya tsaya. Rabon da ya ji wannan suna a bakin wani tun a tsakar gidansu, rabon da ya faɗe shi da bakinsa ya manta. Ya fito masa baƙo, da sanyi, kamar sunan wani da aka daɗe da binnewa aka daina ambata.

Bahauddeen ya duba wayar ya matso da ita kusa.

"Hayaniya ta yi yawa, Yaya, bai kama ba. Sake faɗa."